Shirun da Na Koya wa Delia Mulhern

Shekara talatin da takwas na yi da damin makullai rataye a ƙuguna, a asibitin masu taɓin hankali na gundumarmu da ke yammacin Ireland. Mutanen ƙauye ba sa kiran sunansa, sai dai su rage murya su ce "gidan kan tudu". Na ga waɗanda ciwo ya kawo, na kuma ga waɗanda 'yan'uwa suka kawo don gida ya yi musu kaɗan. Yawancinsu na manta fuskokinsu, Allah ya yafe mini. Amma Delia Mulhern ta ƙi fita daga raina, don a zaluncin da aka yi mata akwai hannuna, akwai ma rubutuna. Sunana Attracta Devaney. A lokacin shekarata ashirin da uku, ƙaramar nas ce ni mai jin kanta da wayo.

A watan Maris na 1954 mijinta Malachy ya kawo ta a motar haya. Ce mata ya yi za a duba mata ƙirji. Sati uku ke nan da haihuwar ɗanta na fari, Fintan. Ba ta da lafiya kam, wannan ba na musu. Kwana tara ba ta runtsa ba, ta fita cikin ruwan sama ba takalmi tana cewa yaron ya daina numfashi, alhali yana ta barcinsa. Irin wannan ruɗewar kai ta bayan haihuwa mun saba ganinta, takan zo ta wuce. Muka karɓe kayanta, muka ba ta rigar gidan mai kauri, launin toka, wadda ba ta taɓa yi wa kowa daidai ba. Nono yana zuba har ya jiƙa gaban rigar. Ni na ɗaure mata ƙirji tamau da tsumma don ya ƙafe, ita kuwa sai tambayata take yi wa zai shayar da yaron.

Kafin ƙarshen Afrilu ta warke sarai. Tana barci, tana cin abinci, har tana tsokanata wai hular kaina ta karkace kamar ta mashayi a ranar kasuwa. Likita Loftus, babban likitan gidan, ya gan ta ya ce a rubuta wa mijinta ya zo ya ɗauke ta. Al'adar gidan ke nan, ko doka ba ta ce ba: ba a buɗe wa mace ƙofa sai wanda ya sa hannu ya kawo ta ya dawo ya sa hannu ya tafi da ita. Idan kuma wata shida ya cika tana nan, likita zai zauna da danginta a yanke ɗaya cikin biyu, ko gida, ko ɗakin baya. Ɗakin baya shi ne na waɗanda aka fid da rai da su, kuma ban taɓa ganin wadda ta fito daga can da ƙafarta ba.

Malachy ya zo ranar Lahadi bayan an tashi daga coci. Dogo ne, mai sanyin murya, ba ya iya kallon mutum a ido. Ya zauna da hularsa a gwiwa yana ta murza ta. Delia ta yi masa ruwan tambayoyi: yaron ya yi ƙiba? Idonsa ya tsaya a kan shuɗin nan ko ya sauya? Wa yake masa wanka? Ya ce ƙanwarsa Concepta ce ke kula da shi, kuma yana lafiya lau. Da aka zo maganar sa hannu sai ya ce a ɗan dakata a gama shukar dankali, gidan a hargitse yake. Ta ce ai ita ma ta iya shuka. Ya yi 'yar dariya, ya ajiye mata lemo biyu a kan tebur, ya ce bas zai tsere masa.

A watan Mayu ya ce saniya ce ke shirin haihuwa. A watan Yuni ƙirjin mahaifiyarsa ne ya tashi. Sai yankan ciyawa, wai rana ta fito, kuma rana a ƙasarmu ba ta jiran kowa. Kai, ban taɓa ganin gonar da ta fi ta Mulhern yawan aiki ba, gona 'yar mitsitsiya mai shanu biyar. Daga baya ma ya daina zuwa, sai dai wasiƙa mai layi uku da rubutun Concepta.

Delia kuwa kullum tambayarta ɗaya. Da na buɗe ƙofar ɗaki da safe zan same ta tsaye ta gyara gashinta: yau ne za ta tafi wurin yaronta? Da rana ta tambayi mai kawo shayi. Ranar Lahadi sai ta tsaya jikin tagar da ke kallon hanya tun daga tashin coci har bas na ƙarshe ya wuce, sannan ta koma gadonta ta yi kuka. Ku faɗa mini, wace uwa ce ba za ta yi haka ba?

To amma mu muna da littafin rahoto. Mata ɗari huɗu ne a gidan, likita biyu. Likita Loftus ba shi da lokacin zama da kowa, abin da muka rubuta shi ne idonsa da kunnensa. Kuma an koya mana yadda ake rubutawa. Sista Hession, shugabar ɗakinmu, mace ce mai tsoron Allah da ba ta taɓa dukan majiyyaci ba, amma a wurinta duk wadda ta tsaya bakin ƙofa "ba ta natsu ba", wadda ta maimaita magana "tana naci", wadda ta ce lafiyarta ƙalau kuwa "ba ta san tana da ciwo ba", wannan ma ya fi duka muni. Haka shafin Delia ya cika. Likita ya karanta, ya girgiza kai, ya ce ashe ciwon ya dawo, a sa mata lantarki a kai sau shida.

Mu huɗu muke danne mace a lokacin da ake sa shi. Ni ce a kafaɗarta ta dama. Bayan karo na huɗu ta farka da rana tsaka ta kama hannuna, idonta cike da tsoro, ta ce in faɗa mata sunan, yana bakinta amma ya ƙi fitowa. Na ce Fintan. Ta yi ta maimaita shi har yamma kamar mai haddar karatu. Sista Hession ta rubuta cewa tana magana ita kaɗai.

Abin ya tsaya mini a rai. Ranar hutuna na hau keke na yi mil goma sha ɗaya har gidan Mulhern, abin da ko kusa ba a yarda nas ta yi ba. Na tarar suna shafa wa bango farar ƙasa. Ashe layi ya zo kansu na karɓar Fada, limamin cocinsu, ya yi sujada a cikin gidansu, maƙwabta duka su hallara, a ci a sha. Tsohuwa Mulhern, uwar Malachy, ta ba ni kujera kusa da murhu, ta zuba mini shayi da burodi da man shanu, don ba za a ce baƙo ya shiga gidanta ya fita da yunwa ba. Concepta tana zaune da yaron a cinya, ɗan ɓul-ɓul da shi, da idon uwarsa sak. Ta haura arba'in ba ta yi aure ba. Yadda ta rungume shi da ta ji daga inda nake, nan na gane komai.

Na faɗa musu Delia ta warke tun tuni, zaman jiran ne ke cinye ta. Tsohuwa ta ce ai su ma suna mata addu'a kullum. Sai dai ni yarinya ce, ban san bakin mutane ba. Ta yaya za a kawo mace daga gidan kan tudu ta miƙa wa Fada shayi, maƙwabta suna kallon hannunta ko zai yi rawa? Sun riga sun ce wa kowa tana Ingila wurin 'yar'uwarta. Kuma yaro ya saba da Concepta, idan aka raba su yanzu ai an cuce shi. Ta ƙara da cewa dangin Delia dama can jininsu ba shi da ƙarfi, an ce wata gwaggonta ma takan yi waƙa ita kaɗai a bakin rijiya.

Na ce, "Misis Mulhern, ɗanta ne fa."

Ta ce, "Ɗan Mulhern ne, 'yata. Sha shayinki kar ya huce."

Na sami Malachy a bayan ɗakin shanu yana wanke bokiti. Na ce masa watan Satumba ya kusa, kuma ya san abin da ɗakin baya yake nufi. Ya daɗe yana goge bokitin da ya riga ya fita. Can ya ce shi ba ya ƙin matarsa, Allah ya sani, amma na ga dai mamansa, kuma gonar har yanzu da sunanta take. Idan likita da bakinsa ya ce Delia ta natsu sosai, to zai san abin da zai faɗa a gida. Wannan 'yar maganar na ɗauka na riƙe, na dawo ina taka keke ina jin na samo mafita. Kaico, wauta ce na ɗauko.

Saura kwana arba'in a zauna. Na ja Delia gefe a ɗakin wanki, inda ƙarar injin ba ta bari a ji mu. Na ce mata na san yadda littafin nan yake aiki, kuma ni ce mai rubuta rahoton rana a watan nan da mai zuwa. Ta daina tsayawa bakin ƙofa. Ta daina zuwa taga ranar Lahadi. Kada ta sake ambaton gida, kada ta ambaci yaron, ko da wasa. Idan likita ya tambaye ta ko tana son tafiya, kada ta nuna zumuɗi, ta ce duk yadda likita ya ga ya dace. Masu haƙuri irin wannan su ake sallama, na sha gani.

Ta kalle ni ta ce, "Nas Devaney, ko sunansa ma?"

Na ce, "Ko sunansa. Kwana arba'in ne kawai, Delia. Ki haɗiye, sannan ki je ki kira shi har muryarki ta dushe."

Ta yi. Wallahi ta yi, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Tana tashi ta nufi ɗakin wanki, ta yi ta ninke zannuwan gado har yamma, hannuwanta suka tsattsage da ruwan soda. Ranar Lahadi sai ta juya wa taga baya ta zauna tana ɗinke safa. Ta rame, wuyanta ya fito. Bakin hannun rigarta duk a taune yake, don duk lokacin da sunan ya taso mata shi take cusawa a baki ta ciza. Ina gani, ina jin zafi, amma ina ce wa kaina saura kaɗan. Kullum da yamma in buɗe littafi in rubuta da kyakkyawan rubutuna: "Ta natsu. Tana aiki sosai. Ba ta tambayar gida ko yaro." Har Sista Hession ta yaba mini, ta ce lantarki ya yi aiki, kuma mai kula da wanki ta ce ba ta taɓa samun mai ninki kamar Delia ba.

Ranar zama ta zo, wata Talata, ana yayyafi. Malachy ya zo cikin kwat ɗinsa na coci. Ban yi zaton tsohuwa za ta biyo shi ba, sai ga ta da baƙin mayafi da carbi a hannu. Muka shiga ofishin likita, ni da Sista Hession muna tsaye jikin bango, Delia a kan kujera hannuwanta a cinya. Likita Loftus ya duba littafi ya ce ya ji daɗin abin da ya gani, sati shida ba wani tashin hankali, a ganinsa za a iya gwada ta a gida. Ya tura takarda gaban Malachy. Na ga Malachy ya miƙa hannu wajen alƙalami.

Sai tsohuwa ta yi gyaran murya. Cikin ladabi ta ce ita ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma tunda jariri za a damƙa wa matar, ko likita zai taimaka ya karanta musu abin da aka rubuta game da ita da yaron. Ya karanta. Shafi bayan shafi yana juyawa, layin nan nawa yana fitowa daga bakinsa: ba ta tambayar gida ko yaro, ba ta tambayar gida ko yaro. Tun bai kai ƙarshe ba na gane inda tsohuwa ta dosa.

Tsohuwa ta ce, "Kwana arba'in, likita. Ni da na haifi bakwai, ko awa ɗaya ban taɓa yi ban tuna nawa ba. Wannan ce za mu bar wa jariri mu tafi gona?"

Likita ya cire tabarau ya dubi Delia, ya tambaye ta a hankali ko tana son komawa gida wurin ɗanta. Ta ɗago ta kalle ni. Na so in girgiza mata kai, in yi mata wata alama, amma Sista Hession tana gefena kuma komai ya faru da sauri. Delia ta yi abin da na koya mata. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk yadda likita ya ga ya dace."

Malachy ya janye hannunsa daga alƙalami. Ya ce to, ga alama ta saba da nan, ana kula da ita, tana da aikin yi, wataƙila tayar da ita ma cutarwa ce. Har wani numfashi ya sauke, kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka.

Nan na kasa daurewa. Na ce likita ya yi haƙuri, ni ce na hana ta, ni na ce ta yi shiru, matar nan ba ta da wani tunani dare da rana sai na ɗanta. Sista Hession ta damƙi hannuna har sai da ya yi shaida. Likita Loftus ya juyo gare ni. Sannan ya ce idan nas ce ta tsara wa majiyyaciya abin da za ta yi, to rahoton sati shida ya tashi a banza, ba shi da abin da zai dogara da shi sai rahoton da ya gabata, wanda ke cewa ba ta natsu ba. Ya mayar da takarda cikin aljihun tebur. Kun ji fa. Da ta tambaya an ce ciwo ne, da ta yi shiru an ce ba uwa ba ce, da na faɗi gaskiya kuma sai gaskiyar ta zama makullin ƙarshe.

Suna fita zaure Delia ta fahimci abin da ya faru. Ta tashi a guje ta bi su, ta kama bayan kwat ɗin Malachy da hannu biyu, sunan da ta danne kwana arba'in ya ɓalle daga bakinta gaba ɗaya. Fintan, Fintan, tana ihu har mata suka leƙo daga ɗakuna. Tana roƙonsa ya kai ta ta gan shi ko ta taga ne, ba za ta taɓa shi ba, ba za ta shiga gidan ba. Aka kaɗa ƙararrawa. Aikinmu ne, muka zo muka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, kuma ni ce na ɓamɓare na hannun dama. Malachy bai waiwayo ba. Tsohuwa ce ta waiwayo, ta gyara mayafi ta ce wa likita, "Ka gani ko? Dama mu mun sani." Kafin a sha shayin yamma an kai Delia ɗakin baya, ni kuma aka mayar da ni ɓangaren tsofaffi da gargaɗi a takardata.

An yi sujadar gidan Mulhern, an ce ba a taɓa ganin bango mai haske irin nasu ba. Bayan shekara biyu labari ya bazu a ƙauye cewa Delia ta rasu a Ingila, har aka yi mata addu'a a coci, Malachy yana layin gaba da baƙin ƙyalle a hannun riga. Mutane suna cewa bawan Allah, ya riƙe maraya bai sake aure ba, Concepta kuwa ai 'yar aljanna ce. Duk ƙauyen nan akwai waɗanda suka san inda take, direban motar haya ya sani, mai kai wasiƙa ya sani, amma kowa ya ga ba huruminsa ba ne. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya zage ta. Mutanen kirki ne masu zuwa coci suka binne mace da ranta don kada maƙwabta su ga hannunta yana rawa, mu kuma masu fararen huluna muka riƙe musu ƙofa. Ina jin haushinsu har gobe, amma haushin kaina ya fi, don su son zuciya ya sa su, ni kuwa taimako na je yi.

Shekara goma sha ɗaya ban iya taka ɗakin baya ba, kullum sai in sami hanyar kaucewa. Da aka ƙara mini girma aka ba ni shugabancin ɗakin, ba yadda zan yi. Na same ta a kan benci jikin bango, gashinta ya yi fari fat, ita da ba ta kai arba'in ba. Nas-nas ɗin ɗakin suka ce ai Delia ba ta da matsala ko kaɗan, tun da aka kawo ta ba ta sake tambayar komai ba, ko gishiri ba ta roƙo. Na ɗauka ba za ta gane ni ba. Na kai mata shayi na durƙusa a gabanta.

Ta daɗe tana kallon fuskata. Sai ta waiga dama da hagu, ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Nas Devaney, kwana arba'in ɗin sun cika? An yarda in tambaya?"

Na ce sun cika, Delia, tambayi duk abin da kike so.

Ta riƙe kofin da hannu biyu, ta yi ɗan murmushi irin na mai jin kunya.

"Ya fara tafiya?"

A lokacin Fintan yana da shekara goma sha ɗaya. Na taɓa hango shi a kasuwa yana kora 'yan maruƙa tare da ubansa, kuma duk ranar tunawa da matattu yana yi wa uwarsa addu'a. Na ce mata e, ya fara tafiya, yana tafiya da kyau. Ta gyaɗa kai ta ce madalla, a gaya wa Concepta ta kula da bakin murhu, don yara a wannan lokacin ba sa jin tsoron wuta.